Yadda 'yan sanda suka kira ni a Ingila kan karatun da na yi wa samari a masallaci, da yadda aka ƙare

Tunda maganar nan ta fita mutanenmu da ke zaune a Ingila suke ta kirana, wasu su ce sun ji an kulle ni, wasu su ce wai yanzu an hana karanta ƙissar Annabi Luɗu a ƙasar nan gaba ɗaya, wani ma cewa ya yi ya ji har an soke min biza. Duk ba haka ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya faru daki-daki, saboda lokacin da abin ya same ni, in ban da limaminmu, na rasa mutum ɗaya a cikinmu da zai ce min ga inda za a bi, kowa sai ya ce a dai yi addu'a. Addu'a kam an yi, amma akwai abubuwan da in mutum ya san su tun farko ba zai yi ta kwana ido biyu ba. Ni ba lauya ba ne, aikin kula da tsofaffi nake yi, abin da na gani da abin da lauyata ta yi min bayani kawai zan faɗa.

Ran Asabar bayan la'asar ina taimakawa wajen karantar da samari a masallacinmu, yaran da aka haifa a nan ne yawancinsu, da Turanci ake karatun. Wani yaro ya yi tambaya a kan masu neman jinsi, don a makarantarsu an yi musu darasi a kai cikin watan Yuni. Na ba shi amsa yadda na sani, na ce a addininmu aikin haramun ne, aure tsakanin namiji da mace yake, na kawo ƙissar mutanen Annabi Luɗu, sannan na ce wannan bai ba kowa lasisin zagi ko duka ko tsangwamar ɗan ajinsu ba, maƙwabci maƙwabci ne ko me yake yi. Ashe akwai wanda yake ɗauka a waya, ya yanko wajen da na ce haramun ne da wajen halakar da mutanen Luɗu, ya bar sauran, ya ɗora a Facebook ya kuma saka sunana. Kan ka ce kwabo 'yan uwa daga gida sun cika ƙarƙashin bidiyon da kwament, wannan ya ce a jefe su wancan ya ce a ƙona su, irin maganar da a can ake yi ba a ɗauke ta komai ba. Wani ya gani ya kai rahoto. Ba sai mutum ya je caji ofis ba, akwai shafin 'yan sanda na intanet mai suna True Vision da ake cike fom a ciki, kuma ba dole sai wanda abin ya shafa ba, kowa ma zai iya.

Bayan 'yan makonni na dawo daga aikin dare na tarar da kati a ƙofa, ɗan sanda ya zo bai same ni ba ya bar lamba. Matata ta riga ta gani, idonta ya yi ja, ta ce Maigida me ka yi? Na kira, mutumin ya yi magana cikin ladabi, ya ce suna so in zo ofishinsu don a yi min tambayoyi bisa raɗin kaina kan wani bidiyo, ba kama ni za a yi ba, hira ce kawai don su ji ta bakina. To a nan ne mutanenmu suke zamewa, jin an ce hira ce kuma bisa raɗin kai sai mutum ya saka riga ya tafi shi kaɗai yana cewa ai gaskiyata za ta fisshe ni. Wannan hirar da tambayoyin da ake yi wa wanda aka kama duk ɗaya ne a idon doka, ana naɗar murya, ana karanta maka gargaɗi, kuma abin da ka faɗa zai iya zuwa gaban alƙali. Bambancin kawai shi ne kana iya tashi ka fita, amma in ka ƙi zuwa ko ka fita suna iya ganin dalilin kama ka. Allah Ya taimake ni limaminmu ya taɓa raka wani, da na same shi ya ce Malam kar ka taka ƙafarka wajen nan ba lauya, ka kira su ka ce kana son lauyan da ke kan aiki, wato wanda ake kira wa duk wanda ba shi da nasa lauyan. Na fara tuntuɓar wani ofishin lauyoyi na kuɗi suka yanka min ɗaruruwan fam na zuwa ɗaya kawai, sai daga baya na tabbatar cewa shawarar lauya a ofishin 'yan sanda kyauta ce ga kowa, ko kana da kuɗi ko ba ka da, ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo, ko kama ka aka yi ko da ƙafarka ka zo. Na kira ɗan sandan na faɗa masa, bai yi musu ba, ya dai ɗaga ranar. Tafinta ma kyauta ne in Turancinka bai zauna ba, kuma kar kunya ta hana ka nema, Turancin aiki daban Turancin doka daban.

Ranar na tafi da fasfo, da takardar shaidar zama, da cikakken bidiyon karatun a kan filash, don masallacin yana ɗaukar duk wani karatu ya ajiye, wannan shi ne abin da ya fi komai amfani a cikin duk abin da na riƙe. Na zauna a kan benci na jima sosai, mutane na shiga na fita, cikina sai kaɗawa yake. Lauyar ta zo, wata baturiya ce mai ɗan shekaru, ta fara shiga ita kaɗai wajen ɗan sandan ya ba ta bayanin abin da suke zargi da abin da suke da shi a hannu, sannan aka ba mu ɗaki mu biyu. A ɗakin nan ne na fara fahimtar dokar da kowa yake ta tsorata mu da ita.

Ta ce da farko in cire a raina cewa akwai wani laifi guda mai suna laifin ƙiyayya da ake kama mutum da shi don ya faɗi aƙidarsa. Sai an sami laifi na asali tukuna, duka ko barazana ko tsangwama ko ɓarnar dukiya, in aka tabbatar ƙin mutum ne ya jawo saboda launin fatarsa ko addininsa ko naƙasarsa ko neman jinsi ko sauya jinsi, sai alƙali ya ƙara nauyin hukunci, wannan yana cikin sashe na 66 na dokar yanke hukunci ta 2020. Amma wajen rubuta rahoto 'yan sanda da ganin mai ƙorafi suke aiki, in ya ce yana ganin ƙiyayya ce to haka za a rubuta a fara bincike, wannan tsarin ya samo asali ne daga rahoton Macpherson na 1999 bayan kisan wani matashi baƙar fata Stephen Lawrence a Landan a 1993, lokacin da aka ga ana wasa da koke-koken baƙaƙen fata. Kenan tsarin da ya kawo ni gaban 'yan sanda tun asali don kare irina aka yi shi, abin ya ɗan tsaya min a rai.

Sai ta jero min dokokin da za a iya dubawa a kaina. Babbar ita ce ta tunzura ƙiyayya, a kashi na 3A na dokar zaman lafiyar jama'a, Public Order Act ta 1986, wadda aka faɗaɗa a 2008 ta haɗa da masu neman jinsi, ta fara aiki a watan Maris na 2010, hukuncinta yana kai shekara 7. Da na ji shekara 7 sai gumi ya karyo min, ta ce in kwantar da hankali, kafin a kama mutum da wannan sai maganar ta zama barazana, ba ɓata rai kawai ba, kuma sai an nuna da niyyar tunzura ƙiyayya ya yi, kuma ba a shigar da ƙarar sai babban lauyan gwamnati ya amince. Ta buɗo min sashe na 29JA a wayarta ta karanta min, ma'anarsa ita ce tattaunawa ko sukar wata ɗabi'a ta jima'i, ko kiran mutane su bar ta, shi kaɗai ba a ɗaukarsa barazana ko tunzura ƙiyayya, kuma a 2013 da aka halatta auren jinsi aka ƙara cewa sukar irin wannan auren ma haka yake. Wallahi ban taɓa sanin akwai wannan ba, kuma na tabbata yawancin malamanmu a nan ba su sani ba. Ta ce in kana so ka ga inda layin yake ka dubi shari'ar Derby ta 2012, inda aka ɗaure wasu Musulmi uku da suka raba takardu a bakin masallaci da gidajen mutane, da hoton mutum-mutumi a rataye da igiya, suna kiran a kashe masu neman jinsi, ɗaya ya sami shekara 2 sauran wata 15 kowanne, su ne na farko da aka kama da wannan dokar. Ta ce su ma cewa suka yi addini suke isarwa, kotu ba ta karɓa ba. Sai ƙananan dokokin, sashe na 5 na waccan dokar ta 1986 kan maganar da za ta tayar wa mutum hankali a bainar jama'a, wanda tun 2014 aka cire cin fuska daga cikinsa ya rage barazana da zagi, da sashe na 127 na dokar sadarwa ta 2003 kan tura saƙo mai tsananin muni ta intanet. Ta ce a nan tambayar ita ce wa ya ɗora, wa ya rubuta kwament, kai ka danna laik a kan wani daga ciki ko ka tura wa wani? Na ce ban yi ba, hasali ma da na gani na roƙi yaron da ya ɗora ya sauke, kuma ina da saƙon a waya. Ta ce a ɗauki hotonsa yanzun nan.

Ta ba ni zaɓi uku, ko in amsa tambayoyi, ko in yi shiru, ko mu rubuta jawabi ta karanta sannan in ƙi ƙara komai. Muka zaɓi rubuta jawabi in kuma amsa abin da ya shafi bidiyon kawai. Ta ja min kunne kan abu ɗaya, ta ce za a iya tambayarka ra'ayinka a kan hukuncin da shari'ar Musulunci ta tanada, ko dokar ƙasarku, don sun san Najeriya ta yi doka a 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kar ka buɗe wannan babin, ba muhawarar addini aka kira ka ba, abin da ka faɗa ranar Asabar ɗin shi ake bincike.

Aka shiga ɗakin tambayoyi, ɗan ƙarami, tebur da na'urar naɗar murya, 'yan sanda biyu. Aka karanta min gargaɗin, cewa ba dole in ce komai ba, amma in na ɓoye wani abu yanzu na zo na dogara da shi a kotu zai iya cutar da kariyata, kuma duk abin da na faɗa za a iya kawo shi shaida. Suka kunna guntun bidiyon, jin muryata a ɗakin nan sai na ji kamar ta wani ce, yadda aka yanke shi ni kaina da ban san kaina ba zan ce mutumin nan da zafi yake. Lauyata ta karanta jawabin ta miƙa filash ɗin ta ce a kalli minti biyun da suka biyo baya. Suka tambaye ni shekarun yaran, ko akwai wanda na nuna da hannu ko na kira suna, ko na san wanda ya ɗora, ko na san masu kwament ɗin. Tambayar da aka ce za ta zo kuwa ta zo, ɗayan ya ce to kai kana ganin ya kamata a hukunta su? Lauyata ta ce wannan ba ya cikin zargin, na yi shiru, aka wuce. Sun so su riƙe wayata, ta ce ga hoton saƙon ga cikakken bidiyo me kuma za a nema, suka haƙura. Ba a ɗauki hoton yatsuna ba, ba a saka ni a sel ba. Gaskiya ba wanda ya ci min mutunci, har ruwa aka ba ni, kuma da lokacin sallah ya yi na tambaya aka nuna min wajen yi.

Kafin in fita ɗaya daga cikinsu ya ɗan taɓo maganar cewa ana iya rufe irin wannan da sulhu, in rubuta takardar ban haƙuri a wuce wajen. Ni har na ji daɗi, mu da muka taso da a yi haƙuri a bar wa Allah, amma a waje lauyata ta ce kar in sa hannu a komai sai ta gani. Shi wannan sulhun na 'yan sanda sai ka amsa cewa kai ka yi abin, kuma zai iya fitowa a binciken tarihin laifi mai zurfi, wato DBS, da ake yi wa masu aiki da yara da tsofaffi. Wanda ya fi shi haɗari shi ne gargaɗin 'yan sanda na hukuma, wanda daban yake da wanda ake karantawa kafin tambayoyi, mutane suna karɓa don su tafi gida da wuri suna ganin jan kunne ne kawai, alhali amsa laifi ne, yana shiga babbar kwamfutar 'yan sanda ta ƙasa, kuma fom ɗin zama na dindindin da na zama ɗan ƙasa duk suna tambaya a kai. Ga wanda yake kan bizar aiki irina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai jira. Wannan ya fi ranar tambayoyin wahala nesa ba kusa ba, watanni ba ka ji komai ba, duk wasiƙar da ta faɗo ta ƙofa sai gabanka ya faɗi. Irin waɗannan fayilolin ana tura su ne wajen masu gabatar da ƙara na gwamnati, CPS, su duba abu biyu, ko shaidar ta isa a yi nasara a kotu, da ko shigar da ƙarar maslaha ce ga jama'a, kuma dole su auna da sashe na 9 da na 10 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wato 'yancin addini da 'yancin faɗin albarkacin baki, waɗanda dokar haƙƙin ɗan Adam ta 1998 ta shigo da su cikin dokar Birtaniya. A wajen aiki kuma takardar ɗaukata aiki ta ce in ana bincikena sai na sanar, na sanar, aka zauna da ni, aka cire ni daga zuwa gidajen mutane ni kaɗai na ɗan lokaci, obataim ɗina ya tsaya, to nan ne kuɗin ya fita a jikina, ba wajen lauya ba. Tambayar da manajar ta yi min ɗaya ce, akwai wanda za ka ƙi kula da shi saboda yadda yake rayuwa? Na ce a'a, ga tarihin aikina a duba. Dokar daidaito ta 2010 tana kare addini tana kuma kare masu neman jinsi a wajen aiki, duka biyun, kuma wani ɗalibi Kirista ɗan asalin Kamaru, Felix Ngole, da aka kora daga kwas ɗin jami'a kan rubutun Facebook ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2019, amma sai da ya shafe shekaru yana shari'a.

A wannan jiran na karanta shari'o'in da suka gabata har na gaji, yawanci na Kiristoci masu wa'azin titi ne. A 1999 wani alƙali Sedley ya yanke cewa 'yancin magana ya haɗa da maganar da ke ɓata rai da wadda ba a son ji, matuƙar ba ta kira tashin hankali ba. Amma a 2001 an kama wani dattijo Harry Hammond a Bournemouth da allo a hannu, aka ci shi tarar fam 300, kuma babbar kotu ta tabbatar da hukuncin a 2004 bayan ya rasu. A 2010 an kama Dale McAlpine a Workington, aka janye ƙarar har aka biya shi diyyar fam 7,000. Abin da na fahimta shi ne takardar doka tana gefen mai faɗin aƙidarsa cikin natsuwa, amma ɗan sandan da ke tsaye a titi ba lallai ya san sashe na 29JA ba, sai an wahala kafin a kai wajen wanda ya sani. Ni a ganina an yi saurin kirana, da an nemi cikakken bidiyon a masallaci tun farko da ba a kai nan ba. Amma ba zan ce dokar banza ce ba kamar yadda wasunmu suke cewa, akwai abokin aikina da aka fasa wa baki a tashar bas don kawai an gan shi da saurayinsa, na ga ɗinkin da idona, kuma ranar da wani ya tofa wa matata yawu saboda hijabinta a wannan shafin dai muka kai ƙara. Shi ma wanda ya kai rahotona, da na sake karanta kwament ɗin nan na a ƙona su, na san abin da ya tsorata shi.

Daga ƙarshe imel ya zo ta hannun lauyata, layi uku, ba za a ɗauki wani mataki ba, abin da suke kira NFA. Na ce a ba ni a rubuce da hatimi, aka aiko, na kai wajen aiki aka mayar da ni kan aikina. Ku sani NFA ba wanke mutum ba ne irin na kotu, ana iya buɗe fayil in sabuwar shaida ta fito, kuma sunanka yana nan a rikodin ofishin da ya yi binciken. Don haka na cike fom ɗin neman bayanan da aka ajiye a kaina, ɗaya ta ACRO, ofishin bayanan laifuka na 'yan sanda, don babbar kwamfuta ɗaya kuma wajen rundunar yankinmu, kyauta ne, doka ta ba su wata ɗaya su amsa, ana buƙatar hoton fasfo da shaidar adireshi. Na ACRO ya dawo ba komai, na yanki ya dawo da rahoton an shafe sunan mai ƙorafi. Na duba musamman ko an rubuta ni a abin da suke kira lamarin ƙiyayya da bai kai laifi ba, don a kan wannan ne wani tsohon ɗan sanda Harry Miller ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a Disambar 2021, aka kuma fito da sabuwar ƙa'ida a 2023 da ta tsaurara saka sunan mutum. Lauyata ta rubuta musu ta nemi a gyara bayanin ya nuna an kalli cikakken bidiyon, aka gyara. DBS ɗina na gaba ya fito fes.

A masallaci kwamiti ya zauna, yanzu ba mai ɗaukar karatu da wayarsa, masallaci ne ke ɗauka ya ajiye cikakke, in an ɗora a intanet ana rufe kwament, don masallacin rajistar ƙungiyar agaji yake da ita kuma hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji tana iya tambayar amintattu. Karatu dai ba a fasa ba, ƙissar Annabi Luɗu tana nan a Suratu Hud muna karantawa in an zo wajen. Ga wanda ke ɗora wa'azi a shafinsa kuma, 'yan uwa na gida ba su san abin da kwament ɗinsu yake jawo wa na nan ba, su suna can kai kana nan da adireshinka, ka goge duk wanda ya kira a kashe ko a duka, kar ka yi masa laik don kunya ko zumunci. In kuma an riga an kira ka to kar ka goge komai a wayarka, za a ce ɓoye shaida kake, kar kuma ka nemi wanda kake zargin shi ya kai ƙara ko da da niyyar ba shi haƙuri ne, sai ta zama tsoratar da mai shaida. Duk wannan da na faɗa na Ingila da Wales ne, 'yan uwa da ke Glasgow da Edinburgh dokarku daban ce, sabuwar dokar laifukan ƙiyayya ta Sikotlan ta fara aiki ran 1 ga Afrilun 2024, ku nemi lauyan can ya karanta muku ita.